Yadda Na Binne Ƙafar Taubashina

Abin ya faro ne a shekarar da annoba ta hana mutane zuwa aikin Hajji. Ba na manta ta, domin a shekarar ne alhazan unguwarmu, waɗanda suka saba yin Babbar Salla a ƙasa mai tsarki, suka yi ta tare da mu a Ƙofar Atiku, suna tafiya filin Idi suna tsaki kamar an rage musu lada. Suka kuma afka kasuwar raguna da haushinsu, har sai da rago mai tari ya yi farashin ɗan maraƙi. Na dai samu nawa, alhamdu lillahi, ɗan ƙarami mai kunya, na ɗaure shi a gindin dogon yaron ƙofar gida.

Mai yi mini fiɗa kowace shekara taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, mahauci a Ƙofar Rini. Gidanmu gidan allo ne da tawada, kaka da kakanni. An ce ranar da gwaggo ta nuna mahauci ta ce shi take so, dattawan gidan sun yi kwanaki suna jan carbi da ƙarfi. Da tsire da kilishi suka fara shigowa zaure, sai aka tuna cewa sana'a duk sana'a ce muddin halal ce. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a al'ada bawana ne, kuma tun muna yara nake tuna masa. Shi kuma yana kirana malam mai rufe ido.

Sunan yana da asali. Allah ya halicce ni da tsoron jini. Na zauna a kan masu jinya, na wanke gawa ba iyaka, ban taɓa jin komai ba. Amma jikana ya yanke yatsa da reza, sai in rufe ido in bar wurin. Layya kuwa an fi so mutum ya yanka da hannunsa. Don haka nakan yi bisimilla, in yi kabbara, in ja wuƙa, in miƙa masa ita, in kau da kai. Ba na sake duban ragon sai ya zama nama a cikin kwano.

Akwai bashi tsakaninmu, kuma daga wannan fiɗar ya samo tushe. Shekarar da na fara layya da kaina, ina sabon ango, ya gama aiki ya wanke hannu ya ce in ba shi kai da ƙafa ladan aikinsa, kamar yadda ake ba kowane mahauci. Na gyara zama na karanta masa abin da littafi ya ce: ba a biyan mahauci da naman layya, ko da fata ce. Na sa hannu a aljihu. Ya ce in na fito da kuɗi zai tafi ya gaya wa gwaggo na mai da shi ɗan ƙodago. Sai na ga mafita. Na ɗauki kai da ƙafafun na ce ga su, kyauta na ba shi, ba lada ba.

Ya karɓa ya zuba a buhu, ya ɗaure bakin buhun sosai, sannan ya ce, “Madalla. Kyauta kyauta ta. Ladan aikina shina nan.”

Na ce to me yake so?

Ya ce, “Ran da nim mutu, kai za ka wanke ni, kai za ka yi mini salla, kai za ka sa ni rami da hannunka. Ban son malamin haya.”

Na amsa da sauri, domin gawa ba ta jini. Tun daga ranar, shekara talatin da ɗoriya, duk Salla sai ya kwashe kai da ƙafa kyauta, ya kuma ce a ƙara a kan bashi. Na sha gaya masa wannan ciniki da shi da riba ’yan ɗaki ɗaya ne. Yakan ce malamin da ya ƙirƙiro dabarar shi za a fara tambaya.

To a waccan Sallar ta shekarar annoba, na yanka na kau da kai kamar kullum, idona ya sauka a ƙasa. Sai na ga ƙudaje sun bar tumbin rago sun koma kan ƙafarsa ta hagu. Ta sha ɗauri da tsumma a cikin takalmin roba.

Na ce, “Bawana, mi ya samu ƙafa?”

“Ƙashi nit taka a mayanka. Wuni guda shina cikin takalmi ban sani ba, sai da niz zo yin alwala.”

“Ba ta ciwo?”

“Ko kaɗan. Ƙafar ɗan dambe ta, ba irin taka ta zaman buzu ba.”

Da ƙuruciya ya yi dambe, kamar yawancin ’ya’yan mahauta, kuma da wannan ƙafar yake shuri. Yana alfahari da rashin jin zafin nan. Daga baya na gane rashin jin zafin shi ne cutar kanta.

Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa. Da aka fara gaya masa, cewa ya yi ciwon masu kuɗi ne ya yi ɓatan hanya, zai gane kuskurensa ya fita. Mutum ne da ke zuba wa fura sukari har ludayi ya tsaya, ya bi ta da lemon kwalba mai sanyi wai don ya sauƙaƙa ta. Ba ya karatun boko, don haka ni ke rubuta masa “safe” da “dare” da ajami a jikin kwalayen magani. Yana karantawa daidai, sha ne dai sai ya tuna. Ya taɓa roƙona rubutun sha na neman lafiya. Na rubuta, na wanke, na aika masa a gora. Da na je duba shi na tarar ya zuba zuma a ciki, wai tawadata ɗaci gare ta.

Na matsa masa, matarsa ta matsa masa, muka kai shi babban asibiti. Likitan da ya duba shi mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya kankare mataccen naman, ya wanke, ya ɗaure, ya ce kada ƙafar ta taka ƙasa, a riƙa zuwa wankin ciwo, a kuma sauko da sukarin. Taubashina ya ce to. Kafin mako ya zagayo ya koma mayanka, cikin ruwan jini da kashin shanu, domin a ganinsa in ba ya nan yaransa ba su iya raba cinya da kafaɗa. A hanyar dawowa kuma ya haɗu da mai maganin gargajiya, irin masu lasifika a kan mota, wanda garinsa guda ke maganin basir da sukari da rashin haihuwa da maita. Ya saya ya barbaɗa.

Da muka koma, babban yatsan ya yi baƙi kamar an tsoma shi a tawada. Likita ya ciro biro daga aljihu ya ja layi a gindin yatsan. Ya ce a nan zai yanke, sauran ƙafar ta tsira, mutum ya ci gaba da tafiya da takalminsa.

Taubashina ya dubi layin ya ce zai je ya yi shawara. Shawarar ta ɗauke shi har rani ya shigo.

Zuwa na gaba biro ya hau tsakiyar tafin ƙafa. Ya sake cewa zai yi shawara. Na bayansa kuwa ba da ƙafarsa ya je ba. Zazzaɓi ya kayar da shi, aka kwantar da shi, warin da ke tashi daga gadon har maƙwabtansa na ɗaki suna neman a canza musu wuri. Likita ya zo ya taɓa nan, ya taɓa can, yana neman inda jini ke bugawa, sannan ya ja layinsa a ƙasan gwiwa.

Taubashina ya ce, “Haba likita. Jiya-jiya yatsa kac ce. A yi ragi mana. A bar mini diddige.”

Likita ya ce, “Baba, ba ni ke sa farashi ba. Jini ne. Inda jini ya tsaya, nan nake yanka, in ba haka ba ɗinkin ba zai kama ba. Da kun zo da wuri, akwai inda ake buɗe hanyar jinin ma. Yanzu abin da nake so in cece maka shi ne gwiwa. Mai gwiwa yana tafiya da ƙafar roba har masallaci. In ka ƙara shawara, layin zai koma cinya. Bayan cinya kuma ba ni da inda zan ja.”

Ya mayar da bironsa aljihu ya wuce gado na gaba.

Nan aka bar ni da aikina na malami. Na jawo kujera na fara. Na ce Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Na ce rai amana ne, ba a barin sa ya salwanta don tsoron wuƙa. Na kawo masa maganar gaɓar da ta ruɓe, wadda malamai suka halatta a cire don sauran jiki ya tsira. Yana kwance yana kallon silin, gumi na bin wuyansa.

Ya ce, “Cikakke anka ba ni, cikakke zan mayar. Ban zuwa gaban Ubangiji da giɓi.”

Na ce, “Haƙoranka nawa suka rage a baki?”

“Waɗannan da kansu sunka tahi.”

“Kaciya fa?”

“Wannan wanzami za a tambaya, ni ina yaro.”

Na tashi na fita kafin in faɗi abin da zai karya mini alwala.

A baranda na tarar da matarsa zaune kusa da kwanukan abinci. Mace ce da ba ta yawan magana a gabana, ko da yake ita ma wasa ya halatta tsakaninmu. Ta ce, “Malam, ka bar wahalar da littafi. Ba wuƙa yake tsoro ba, wuƙa abokiyar zamansa ce. Jiya na ji yana tambayar mai shara inda ake kai abin da aka yanke.”

“Me mai sharar ya ce?”

“Ya ce shi bai sani ba. Tun lokacin bai ci abinci ba.”

Sai a lokacin na gane. Mutumin nan ya yi rayuwarsa duka a mayanka. Ya san bayan mayanka, inda ake watsa abin da ba mai saye, ya san karnuka da angulayen da ke jira a can. A saninsa abin da aka yanke ko a sayar ko a zubar, babu na uku.

Na koma na zauna. Na ce na tambaya, kuma da gaske na tsaya na tambayi ma'aikaciyar jinya kafin in shiga: in dangi sun nema, ana ba su su je su binne.

Ya juyo da kai a karo na farko. “Wa zai ɗauka? Ɗiyana? Ɗa ba shi binne ubanai gunduwa-gunduwa.”

Na ga inda maganar ta dosa, kuma ban so wurin ba.

Ya ce, “Malam mai rufe ido. Shekara nawa ina yi maka fiɗa?”

“Alkawarinmu na gawa ne.”

“Wagga ma gawa ta. Ta riga ni ne kawai. Kai za ka amshe ta da hannunka. Ba cikin leda za ka jefa ta rami ba kamar kayan miya. Ka buɗe, ka wanke ta, ka sa mata likkafani, ka yi mata salla.”

Na ce a nan kam sai mu tsaya. Abin da aka yanke daga mai rai ba a yi masa wankan gawa, ba a yi masa salla. Ana naɗe shi a ƙyalle mai tsabta a binne, shi ke nan. Haka yake a littafi, kuma ba ni na rubuta ba.

Ya yunƙura kamar zai tashi. “Ƙafar da tay yi shekara sittin tana zuwa masallaci, ita ta ba a yi ma salla?”

“Ita ce kuma ta yi shekara goma tana shurin bayin Allah a filin dambe.”

“Ta tuba!”

Mutumin gadon kusa, wanda muke zaton barci yake, ya fashe da dariya har ya riƙe ɗinkinsa. Muka yi ta ja-in-ja kamar masu cinikin sa. A ƙarshe muka daidaita: babu salla, amma akwai addu'a, doguwa. Babu wankan gawa, amma zan goge ta da ruwa. Likkafani sabon farin yadi, ba tsohon zanin gado ba. Kuma ni da kaina, ido buɗe. Wannan na ƙarshen sai da ya sa na maimaita.

Sannan ya ce a kira mai biro.

Ba a yi aikin nan take ba. Sai da aka yi ta yi masa allurar sukari ana auna jininsa har ya sauko inda suke so, aka ƙara masa jini, aka ba shi maganin zazzaɓin. Ranar aikin da hantsi aka tura shi. Allura suka yi masa a gadon baya wadda ta kashe rabin jikinsa na ƙasa, idonsa biyu. Daga baya ya ba ni labari cewa ya tambayi likita ko ya yi bisimilla, likita ya ce ya yi. Ya ce ya ji ƙarar zarto, kuma zarto ne mai kyau, ya so ya tambayi inda ake sayar da shi amma suka ce ya yi shiru.

Ni kuwa ina zaune a benci da farin yadina a hammata da buta a gefe, ina jan duk abin da na haddace. Ƙofa ta buɗe, wani ma'aikaci ya leƙo ya ce ina mai karɓa? Na miƙe. Ya ɗora mini ƙunshi a hannu, an naɗe shi da leda mai kauri an ɗaure. Na ɗauki jarirai, na ɗauki buhun gero, na kama makara ba adadi. Ban taɓa ɗaukar abin da nauyinsa ya ba ni mamaki kamar wannan ba. Ban san ƙafa tana da nauyi haka ba, domin kullum ita ke ɗaukar mutum.

Na lulluɓe ƙunshin da yadin na fita titi na tsayar da keken haya mai ƙafa uku, wanda muke ce wa agwagwa da buje. Na ce maƙabarta. Direban ya dubi ƙunshin ya ce in sa kaya a baya. Na ce a'a, a cinyata zai zauna. Muka bi ta Gidan Igwai, rana na dukan rumfar, masu abinci na ta zuba wa mutane shinkafa a bakin titi. Yana tuƙi yana leƙena ta madubi.

Ya ce, “Malam, jinjiri na? Allah shi jiƙan shi.”

“Ba jinjiri ba ne.”

Ya ɗan yi gaba. “Nama na?”

Na duba ta kowace fuska na ga ba amsar da za ta fitar da ni ba tare da ƙarya ba. Na ce, “Ƙafar ɗan'uwana ce.”

Ya taka birki har goshina ya gaisa da ƙarfen gaba. Ya juyo gaba ɗaya. “Sauran shi fa?”

“Yana asibiti, da ransa. Sukari ne.”

Ya yi salati, ya sauke numfashi. Ya ce kawunsa ma haka aka yi masa, amma shi sai da ta kai cinya. Ya tayar da keken ya ci gaba a hankali, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da amarya. Da muka isa ya ƙi karɓar kuɗi, ya kashe inji ya biyo ni, wai ba a zuwa jana'iza mutum ɗaya.

Mai haƙan kabari tsoho ne da na sani, mun sha haɗuwa a bakin aiki. Na fara yi masa dogon bayani, ya katse ni ya ce, “Ta dama ko ta hagu?” Ya ɗauki magirbinsa ya kai mu wani gefe kusa da katanga. Ya ce ba ita ce ta farko ba, ga maƙwabtanta nan. Na ga ’yan ƙananan tudu a jere, waɗanda da na gani a wata rana zan ɗauka na jarirai ne.

Yana haƙa, ni kuma na durƙusa a inuwar katanga na shimfiɗa yadin. Na yi bisimilla na kwance ledar. Shaiɗan ya zo mini a daidai nan ya ce wa zai sani in ka rufe ido? Direban agwagwa ya juya baya, tsoho yana cikin rami, mai ƙafa yana can asibiti. Na ce masa ai mai ƙafar zai tambaye ni, kuma tun muna yara yake gane ƙaryata.

Na duba.

Wajen yankan an rufe shi da bandeji, Allah ya saka wa wanda ya yi wannan tunani. Gaban ƙafar ba zan siffanta shi ba. Amma diddigen yana nan lafiyayye, wanda ya roƙa a bar masa, da faso irin na wanda bai san man shafawa ba. A ƙwauri kuma ga tabon da ya samu ranar da muka haura katangar wani lambu satar mangwaro, ni na tsallake lafiya shi waya ta kama shi. Na san ƙafar nan kamar yadda na san fuskarsa. Ban rufe ido ba. Na tsiyaya ruwan buta a gefen yadi na goge diddigen, na goge ƙwaurin, na goge tabon. Na naɗe ta na ɗaure sama da ƙasa.

Sai tsoho ya ɗago daga rami ya ce, “Malam, ina za ta fuskanta?”

Na yi karatu gwargwado a gaban malamai na gari, amma ba wanda ya taɓa gaya mini ta ina ƙafa ke duban alƙibla. Na ce a kwantar da ita yadda za ta kwanta da a ce mai ita yana tare da ita. Muka juya ta haka, muka juya ta haka, har muka yarda mu uku cewa ta yi daidai. Na sa ta da hannuna. Muka mayar da ƙasa. Na ɗaga hannu na yi addu'a, doguwa kamar yadda aka yi ciniki: Allah ya karɓi takun da ta yi zuwa masallaci, ya yafe shurin, ya ba mai ita lafiya da tsawon kwana, ya sa kada ya yi gaggawar biyo ta. Direban agwagwa ya ce amin da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga katanga.

Da na koma asibiti bayan la'asar ya farfaɗo sosai, bargo ya kwanta shafal a inda da yake tudu. Bai tambaye ni yadda nake ba.

“Ka buɗe?”

“Na buɗe.”

“Mi kag gani?”

“Tabon mangwaro.”

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce wa matarsa ta ba shi abinci, kuma kada ta kuskura ta kawo masa wannan kunun marar sukari. Shi ta kawo, ya shanye yana zagi.

Ɗinkin ya kama. Ya yi zaman gida, ya yi sanda biyu, ya yi faɗa da kowa, har aka auna shi aka yi masa ƙafar roba. Ya ce ita ce ƙafa ta farko a zuriyarsu da ba ta faso. Wani lokaci yakan ce yatsan da aka binne yana yi masa ƙaiƙayi, in je in duba ko tururuwa sun shiga. Allurar sukari kuwa matarsa ta karɓe ta a hannunta, ba a sake maganar mantuwa ba. Ƙafar dama ta zama ’yar gata: kullum sai an wanke ta, an duba tsakanin yatsu, an zazzage takalmi kafin ta shiga.

Da Babbar Salla ta zagayo na yi niyyar neman wani mahauci, don kada in wahalar da shi. Ban kai ga aikawa ba sai ga agwagwa da buje ta tsaya a gindin dogon yaro, taubashina ya sauko da sanda ɗaya da wuƙaƙensa a cikin buhu. Ya ce wa zai taɓa ragon ubangidansa yana raye? Aka kawo masa turmi ya zauna, aka rataye ragon daidai hannunsa. Na yanka, na miƙa masa wuƙa, na kau da kai. Ya ce ashe ba a warke ba. Na ce alkawarin na rana ɗaya ne.

Da ya gama na tattara kai da ƙafafu na tura gabansa, na ce ga su kyauta, ba lada ba. Na jira ya ce a ƙara a kan bashi.

Ya ce, “Babu bashi.”

Na ce ai ƙafa ɗaya na binne, saura mutum guda.

“Sauran kowa na iya wa. Gawa ana rububinta, ga lada ga jama'a na kallo. Ƙafa kau ba mai so. Kuma ka girme ni, ga hawan jini. Wa yac ce ni zan riga ka? Mai bin bashi in shina da hankali, abin da yas samu shi ka amsa.”

Ya buɗe buhunsa ya jefa kan ragon, ya jefa ƙafa, ya jefa ta biyu, ya jefa ta uku. Ta huɗun ya juya ta a hannu, ya duba kofaton, ya miƙo mini.

“Riƙe wagga,” in ji shi. “Canjinka na.”